Inna Kacau, Malamar Malaman Kiɗa

A kwalejin horar da malaman firamare babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Ɗalibai ne suka laƙaba mata Inna Kacau tun tana da sauran ƙuruciya, saboda kullum za ka gan ta tana ratsa baranda da kwando a ƙugu, cike da kacau-kacau, duk takun da ta yi sai kwandon ya amsa. Da farko sunan ya ɓata mata rai. Daga baya ta saba, har ta kai in aka ce "Malama" sai ta waiwaya ta ga da wa ake.

'Yar tela ce. A ƙarƙashin teburin yankan mahaifinta ta tashi, tana jin keken ɗinki yana ta surutunsa, ita kuma tana bin sa da gwangwanin maɓallai. Mahaifin yakan leƙo ya ce, "Ke dai kunnena za ki kashe kafin keken nan ya kashe shi." Amma bai taɓa karɓe gwangwanin ba. Da ta girma ta yi karatun malanta, ta koyar a firamare na wasu shekaru, aka ga yadda ajinta yake ɗaukar waƙa da kiɗa ba tare da ya zama kasuwa ba, sai aka ɗauke ta zuwa kwaleji ta koya wa masu shirin zama malamai yadda ake yi.

Ɗakin da aka ba ta shi ne na ƙarshen baranda, jingine da ɗakin janareto, don kada hayaniyarta ta dami masu karatun gaske. Haka wani malamin lissafi ya faɗa a gabanta, yana dariya. Ta yi dariyar ita ma, ta share ɗakin, ta jera kayanta: sarewoyin roba a cikin bokiti, ƙananan ganguna a kan kantar katako, ƙararrawa, sandunan kaɗawa, da wasu katakai jere da ake bugawa da ɗan guduma su ba da sauti hawa-hawa. Rabin kayan kwaleji ce ta saya tun zamanin da, rabi kuma ita ta harhaɗa. Maigidanta mai gyaran rediyo ne, shi yake ɗaure mata abin da ya kwance, ya liƙe abin da ya tsage.

"Ni ina gyara abin da ke kiɗa da kansa," in ji shi, "ke kuma kina wahalar da bayin Allah su yi da hannu. A cikinmu wa ya fi wayo?"

"Mai kawo maka kayan gyara kyauta," in ji ta.

Ɗalibanta, in za a faɗi gaskiya, yawancinsu ba su suka zaɓi kiɗa ba. Wanda ya nemi sashen lissafi bai samu ba, wadda ta nemi Turanci aka ce gurbi ya cika, su ake tarkatowa a turo mata. Za su shigo fuska a ɗaure, maza masu gemu, mata masu goyo, kowa yana kallon kacau-kacau kamar an miƙa masa abin kunya. Ranar farko takan ajiye wa kowa abin kiɗa ɗaya a ƙarƙashin kujerarsa, ta ce kada wanda ya taɓa. Ta ci gaba da magana. Ba a jimawa za ka ji wani ya ɗan zunguri ganga da ƙafa.

"To, kun gani," takan ce. "Kai da gemunka ka kasa haƙuri. Yaro ɗan shekara bakwai fa? Abu na farko da za ku koya wa yaro ba kiɗa ba ne, ajiyewa ne. In na ɗaga hannu, komai ya koma cinya. Malamin da bai iya tsayar da kiɗa ba, kada ya soma."

Daga nan sai sauran. In kaya sun yi kaɗan, layi ɗaya ya kaɗa, layi ɗaya ya tafa, layi ɗaya ya rera, sannan a juya, kada wani yaro ya koma gida bai riƙe komai ba. Ganga a ba yaron da ya fi kowa ƙiriniya, don wanda yake riƙe da aji ba ya samun sararin rikita shi. Sarewa a wanke bakinta da ruwan ɗumi da sabulu kafin ta koma bakin wani. A rufe raminta da tsokar yatsa, ba da farce ba, a hura a hankali kamar mai hura wa jariri shayi a cokali. Abin da ta fi nanatawa kuwa shi ne malami ya rage nuna gwanintarsa. "In na wuce ta tagar ajinki na ji ke ce kike kaɗawa yara suna kallo, na san ba a wajena kika yi karatu ba."

Takan mai da su yara da gangan. "Kai ne mai kuka don ba a ba ka ganga ba. Ke ce wadda ta ƙwace ta ƙawarta. Kai kuma fitsari kake ji. Ke, fito ki koyar da su." Ɗakin ya kaure, a yi ta dariya, mai koyarwar ta yi gumi sharkaf. Kafin ƙarshen zango masu ɗaure fuskar nan su ne suke rigegeniyar zuwa. Duk wanda ya kammala kuma takan ba shi sandunan kaɗawa guda biyu, da jan fenti a gindinsu, ta ce ko makarantar da aka tura shi ba ta da komai, yana da abin farawa.

A cikin waɗanda suka bi ta hannunta akwai wani da ake kira Dogo. Shi aikin lauya ya so, ƙaddara ta jefo shi ƙarshen baranda. Ya yi wata guda yana zama a baya, ƙafafunsa a miƙe har ƙarƙashin kujerar na gaba, bai ce uffan ba. Ranar da ta fito da shi ya koyar, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa daidai tsayin yaro, ya kaɗa sau biyu a gwiwarsa, ya kalli 'yan ajin, suka maimaita. Ya ƙara, suka ƙara. Lokacin gwajin koyarwa ta bi shi wata firamare mai cunkoso, ta tsaya a bakin taga tana kallonsa da yara cike da ɗaki, wasu a ƙasa, da ganguna uku kacal. Ya ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit har ana jin kukan tsuntsu a waje.

Ta koma gida ta ce da maigidanta, "Yau na ga wanda zan bar wa ɗakin nan."

"Ke da kike da shekaru a gaba, har kin fara rabon gado?"

"Ina dai faɗa maka."

Ita ta yi ta sintiri ofis-ofis har aka riƙe Dogo a kwalejin a matsayin mataimakinta. Suka yi shekaru suna aiki tare, ita tana gaba yana baya da kwando. Sai ga damar ƙaro karatu ta zo wa sashensu, gurbi ɗaya, kuma layinta ne. A daidai lokacin ne ciwo ya kayar da maigidanta, ɓarin jikinsa ya shanye, hannun da yake riƙe sukudireba ya koma ko cokali ba ya ɗagawa. Ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce a ba Dogo. Ya zo har gida ya durƙusa a gabanta yana hawaye, ya ce ba zai manta ba.

Jinyar ta yi tsawo. Daga aji sai gida, daga gida sai asibiti. Zagayen makarantu da takan yi don duba tsofaffin ɗalibanta ta bar shi gaba ɗaya. Maigidan ya rasu da sanyin wata safiya, tana tsaka da goge masa fuska. Bayan an share makoki ta koma ɗakinta na ƙarshen baranda, kuma daga lokacin in ganga ta tsage sai dai ta jingine ta a kusurwa.

Dogo ya dawo da babban digiri, da ɗan tumbi, da mota. Ba a daɗe ba aka ba shi shugabancin sashen. Bai canja mata ba ko kaɗan, in ya gan ta sai ya rusuna, ya karɓi kwandon ya taka mata. Amma kwalejin ta canja. Ɗalibai sun ninka sun sake ninkawa, ɗakin da ke ɗaukar aji guda yanzu ko rabinsa ba ya ɗauka, wasu a bakin ƙofa suke tsayawa suna leƙe.

Wata rana ya aika a kira ta. Ya tashi ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, ya yi ta gyara takardun da ba su bukatar gyara.

"Inna, an yanke shawara a sama. Ɗakinki za a mai da shi ɗakin kwamfuta. Darasinki zai koma babban zaure. Akwai majigi, akwai lasifika, kowa zai samu wurin zama."

"Kayan fa?"

"Za a adana su a sito."

"A zauren me za su riƙe?"

"Za su gani a majigi."

Ta kalle shi. "Kai a majigi ka koya?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, "Inna, kada ki ga rashin kunyata. Yaushe rabonki da zuwa makarantun da muke tura su? Ki je ki gani. Zan ba ki mota da direba."

Ta ce ba ta son motarsa. Da ƙafarta da motar haya ta yi zagayen.

A makaranta ta farko hedimasta ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya buɗe mata kabad ɗin ofishinsa da alfahari. Ga sarewoyi nan sababbi fil a cikin ledarsu, ga ganguna ko ƙura ba su sha ba. Ta tambaya ko yara suna amfani da su. Ya ce, "Haba Malama, in suka fasa wa za a tambaya? Masu duba makarantu in sun zo lafiyayyu suke son gani."

A ta biyu ta sami wani tsohon ɗalibinta, mai gemu, wanda ya fi kowa iya katakan hawa-hawa. Lokacin kiɗa ne a jadawali, amma lissafi yake yi a allo. Ya fito yana goge alli a wandonsa, ya gaishe ta da ladabi, ya ce jarrabawa ta matso, kuma iyaye ba sa tambayar ko yaro ya iya kiɗa.

A ta uku ne ta sami wata da ta koyar da goyo a bayanta, mace mai fara'a wadda ta fi kowa iya kwaikwayon yaro mai kuka. Ajin a cike yake maƙil, zafi kamar tanda. A kan teburin malamar akwai sandar kaɗawa guda ɗaya, jan fentin gindinta ya koɗe, bakinta ya yi sulɓi. Zuciyar Inna Kacau ta ɗan yi sanyi. Ta ɗauki sandar, ta juya wajen yaran, ta ɗaga ta da niyyar kaɗa musu a gefen tebur su maimaita. Yarinyar da ke gaba ta runtse ido ta kare kanta da hannu biyu. Na kusa da ita ya miƙo tafin hannunsa tun ba a tambaye shi ba, ya kau da fuska.

Ta tsaya da sandar a sama. Sannan ta sauke ta a hankali.

"Ina 'yar'uwarta?" ta tambayi malamar.

"Ta karye, Inna."

"A kan me ta karye?"

Malamar ta biyo ta har bakin ƙofa tana magana ƙasa-ƙasa. "Inna, ki dube su. Ni kaɗai ce, tun safe har a tashi. Abin da kika koya mana yana da kyau, wallahi na gwada da na zo. Malamin ajin kusa ya kai ƙarata, aka ce in daina damun mutane. In ban riƙe sanda ba ko sunana ba za su ji ba."

Inna Kacau ta so ta yi faɗa. Ta buɗe baki, ta ga zufar da ke bin wuyan matar, ta ga yadda muryarta ta dishe, sai ta fasa faɗan. Ta ce, "Ki nemi wata sandar dai. Ba wannan ba." Ta sa ta a jakarta ta tafi. Tana fita harabar ta ji an ci gaba da karatu, kuma ta san kafin gobe an samo wata.

Washegari ta shiga ofishin Dogo ba tare da an kira ta ba. Bai tambaye ta abin da ta gani ba, ya riga ya sani.

"To sai a gyara makarantun," in ji ta. "Ba a rufe ɗakin ba."

"Makarantun ba a hannuna suke ba, Inna. Ɗakin ne kawai a hannuna."

Wannan maganar ta daɗe tana cin ta, don ta juya ta ta kowace fuska ba ta ga ƙarya a cikinta ba.

Leburori suka kwashe kayan a baro. Ta tsaya tana ce musu a hankali, a hankali, suna ce mata to, suna jibgawa. Ta koma babban zaure. Aka ba ta abin magana ta riƙe, aka haska hoton ganga a bango, girmansa ya fi ƙofa. Ɗalibai daga gaba har can baya inda ba ta gane fuska suka ɗaga wayoyinsu suna ɗaukar hoton hoton. Ta gwada sa su tafi da kaɗa benci, layi-layi, ya fara daɗi ke nan malamin zauren kusa ya aiko a ce yana da darasi. Ta gwada zuwa da sarewa ɗaya a jaka ta zagaya da ita, kafin ta kai layi na huɗu lokaci ya ƙare. A hankali ta daina gwadawa. Ta koma karanta musu, suna rubutawa: yadda ake raba kayan kiɗa a aji, yadda ake wanke sarewa, yadda ake ɗaga hannu a yi shiru. Suka haddace tsaf. A shekarar nan ɗalibanta suka ci jarrabawa fiye da kowace shekara tun da ta fara aiki, har Dogo ya yaba mata a taron malamai aka tafa. Ta zauna hannunta a cinya har aka gama tafin.

Da lokacin ajiye aikinta ya zo, abu ɗaya ta roƙa: a ba ta kayan nan, ko rabin da ita ta harhaɗa, ta tara yaran unguwa. Mai sito ya ce duk abin da ya shiga sito kayan kwaleji ne, sai da izini daga sama. Dogo a lokacin ya ƙara gaba, ya zama mataimakin shugaban kwaleji, yau yana taro gobe ya yi tafiya. Ya ce mata a waya kada ta damu, an gama. Ta yi ta zuwa tana komawa. Rannan mai siton ya ji tausayinta ya buɗe mata ta leƙa kawai. Rufin ya yi yoyo a daidai kusurwar. Ɓeraye sun cinye fatun gangunan sun bar zobba, gara ta shiga katakan, sarewoyin da ke saman tarin kuma zafin kwano ya lanƙwasa su. Mai siton ya ce, "In izinin ya fito sai ki zo da mota." Ta ce ya rufe, ta yi masa godiya.

An yi mata taron sallama a zauren, da lasifika tana ta kiɗa daga wayar wani ɗalibi. Dogo ya yi jawabi mai tsawo. Ya kira ta uwa, ya ce duk abin da ya zama a duniya ita ce sila. Ta san ba ƙarya yake yi ba. Ita ce sila.

Yanzu tana zaune a gidan babban ɗanta, a ɗakin da ke kusa da kicin. Gwiwa ta fara ba ta wahala, ido ma sai da tabarau. Wata rana da yamma jikarta, 'yar aji uku, ta baje littafi a kan tabarma tana zane, harshe a waje.

"Me ake zanawa haka, sarauniyar ƙazanta?"

"Aikin gida ne, Kaka. Na kiɗa. Sarewa aka ce mu zana."

"Kin taɓa hura ta?"

"A'a. Anti malamarmu ma ta ce ba ta taɓa ba. Amma ta ce ta san ki, ke kika koyar da su a babban zaure."

Inna Kacau ta miƙe da ƙyar, ta shiga kicin ta ɗauko tukunya da cokali biyu, ta kife tukunyar a tsakaninsu. Ta kaɗa sau biyu, ta miƙa wa yarinyar cokali ɗaya. Yarinyar ta maimaita, daidai. Ta ƙara mata mai ɗan wuya, ta sake kamawa, tana dariya, idonta ya yi haske. Daga cikin ɗaki matar ɗanta ta ce, "Inna, don Allah a ɗan sassauta, yanzu na samu jaririn ya yi barci."

Yarinyar ta ajiye cokalin ta koma kan littafinta. Inna Kacau ta gyara tabarau ta leƙa zanen. Ramukan sarewar sun yi kaɗan, kuma babu na baya inda babban yatsa yake zama. Ta karɓi fensir ta ƙara su.

"Kaka, kin ɓata min. Ba haka yake a allo ba. Anti za ta ce na faɗi."

"Haka sarewa take."

"Amma ba haka ta zana ba."

Yarinyar ta fara taɓe baki za ta yi kuka. Inna Kacau ta ɗauki abin gogewa ta goge ramukan da ta ƙara, ɗaya bayan ɗaya, ta hure takardar ta miƙa mata. Yarinyar ta duba, ta gamsu, ta kwashi littafin ta ruga waje wajen ƙawayenta.

Matar ɗan ta fito tana gyara ɗankwali. "Inna, in kin gama da tukunyar zan ɗora girki."

Ta juya tukunyar, ta zuba cokulan a ciki, ta miƙa mata.